Victor Horsley: Likitan da ya buɗe wa allura hanyar shiga cikin ƙwaƙwalwa

Idan aka ɗauki hoton kan majinyaci da na'urar CT ko MRI aka ga wani baƙon abu a can cikin ƙwaƙwalwa, aiki bai ƙare ba tukuna. Hoton zai nuna inda abin yake da girmansa, amma sau da yawa ba ya iya tantance ko mene ne. Yana iya zama ƙarin sankara. Yana iya zama ƙurji mai mugunya. A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa, yana iya zama ƙullutun da ƙwayar cutar ta gina a ƙwaƙwalwa. Kowanne da maganinsa daban, kuma idan aka yi kuskure majinyaci ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

Saboda haka likitoci kan huda ƙaramin rami a ƙoƙon kai, su zura siririyar allura har ta isa inda abin yake, su tsinko ɗan nama da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a kai ɗakin gwaji. Allurar ba lalube take yi ba. Kafin a zura ta an riga an lissafa inda za ta bi da inda za ta tsaya, da ma'aunin milimita.

Wannan lissafi ya samo asali ne daga wata na'urar ƙarfe da aka ƙera a Landan fiye da shekara 100 da suka wuce domin bincike a kan birai. Na'urar tana ɗauke da sunan mutum biyu, Victor Horsley da Robert Clarke. Horsley shi ne likitan da da yawa ke ɗauka a matsayin mutum na farko da ya mayar da tiyatar ƙwaƙwalwa sana'arsa. Ya mutu bai taɓa gwada na'urar a kan ɗan'adam ba.

Ɗan gidan masu zane

An haifi Victor Alexander Haden Horsley ranar 14 ga Afrilun 1857 a unguwar Kensington da ke Landan. A ranar ce kuma Sarauniya Victoria ta haifi autarta, Gimbiya Beatrice, kuma sunansa Victor daga na sarauniyar aka samo shi. Mahaifinsa, John Callcott Horsley, shahararren mai zane ne, shi ya zana katin gaisuwar Kirsimeti na farko da aka buga domin sayarwa a 1843.

Victor ya yi makaranta a Cranbrook da ke yankin Kent, daga nan ya karanta likitanci a University College ta Landan, inda ya kammala a farkon shekarun 1880. Ya gaji iya zane, abin da ya taimake shi wajen zana sassan jikin da yake nazari. Kuma yana aiki da hannun hagu kamar yadda yake yi da na dama.

A 1884, yana ɗan shekara 27, aka ba shi shugabancin cibiyar Brown, wadda asibitin dabbobi ce kuma wurin binciken cututtuka. Shekara shida ya yi a nan, kuma ayyukan da ya yi a cikinsu kaɗai sun isa su sa a riƙa tuna shi.

Ya cire wa birai ƙullutun maƙogwaro da ake kira tayirod, wato wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, ya nuna cewa rashinsa ne ke kawo kasala da kumburin fata da dushewar tunani da ake gani a wasu marasa lafiya. A 1886 gwamnatin Birtaniya ta naɗa shi sakataren kwamitin da zai binciki allurar ciwon haukan kare da Louis Pasteur ya samar a Faransa. Ya je Paris, ya dawo ya maimaita gwaje-gwajen, ya tabbatar da ingancinta. Daga nan ya dage sai an tilasta sa wa karnuka takunkumi tare da killace waɗanda ake shigowa da su daga waje. Masu karnuka sun tsane shi a kan haka, amma zuwa 1902 cutar ta kau daga Birtaniya.

Yadda ake gane wurin ciwo kafin a sami hoto

A zamanin da Horsley ya fara aiki babu wata na'ura da ke leƙa cikin kai. Ko hoton ƙashi na eksire sai a 1895 Wilhelm Röntgen ya gano shi a Jamus, shi ma ƙashi yake nunawa, ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a cikinsa.

Abin da likita ke da shi kawai shi ne alamomin da jiki ke nunawa. A 1861 Paul Broca na Faransa ya danganta rasa iya magana da lalacewar wani sashe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. A 1870 wasu Jamusawa biyu, Gustav Fritsch da Eduard Hitzig, suka taɓa ƙwaƙwalwar kare da ɗan lantarki suka ga gaɓoɓin ɗaya ɓangaren jikinsa suna motsi. David Ferrier ya faɗaɗa wannan bincike a Ingila. A hankali aka fahimci cewa hannu da ƙafa da fuska kowanne yana da mazauninsa a saman ƙwaƙwalwa, kuma ɓangaren hagu ke juya dama, na dama ke juya hagu.

Horsley ya shafe shekaru yana wannan aiki a kan birai tare da abokan bincike irin su Edward Schäfer da Charles Beevor, suna taɓa wuri bayan wuri suna rubuta gaɓar da ta motsa. Kafin ya taɓa kan mutum, ya riga ya buɗe kawunan dabbobi masu yawa, ya san yadda ake tsayar da jini da yadda ake kauce wa ruɓewar rauni.

Ruɓewar rauni kuwa ita ce babbar barazana a lokacin. A Nuwamban 1884 wani likita mai suna Rickman Godlee ya cire ƙari daga ƙwaƙwalwar wani matashi a Landan. An dace da wurin, an cire ƙarin, amma bayan kimanin wata guda cuta ta shiga raunin ta kashe majinyacin.

Tiyatar 25 ga Mayun 1886

A farkon 1886 asibitin masu shanyewar jiki da farfaɗiya da ke Queen Square a Landan ya ɗauki Horsley a matsayin likitan tiyata. Asibitin ba shi da ɗakin tiyata na musamman, sai da aka gyara wani ɗaki domin aikin.

Majinyacinsa na farko saurayi ne ɗan shekara 22, wanda keken doki ya taka a birnin Edinburgh tun yana ɗan shekara bakwai, ƙoƙon kansa ya lotsa. Bayan wasu shekaru farfaɗiya ta kama shi. Da aka kwantar da shi a asibitin, an ƙirga ta tasar masa kusan sau 3,000 cikin mako biyu. Fizgar tana farawa ne daga ɓangaren dama na jikinsa, abin da ya nuna wa likitansa, John Hughlings Jackson, cewa matsalar tana hagun ƙwaƙwalwa.

Ranar 25 ga Mayu, a gaban Jackson da Ferrier, Horsley ya buɗe kan saurayin, ya sami tabon tsohon raunin a inda aka yi hasashe, ya yanke shi. Farfaɗiyar ta tsaya. Horsley yana da shekara 29 a lokacin. Kafin ƙarshen shekarar ya yi wa mutum goma tiyatar kai, ɗaya ne kawai ya mutu. A shekarar ce kuma aka zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya, Royal Society.

Shekara guda bayan haka ya ga iyakar dogaro da alamomin jiki. Wani hafsan soja mai shekara 42 ya daɗe yana fama da azababben ciwon baya, har ƙafafunsa suka shanye. Likita William Gowers ya ce ƙari ne ke danne masa laka, ya kuma yi hasashen wurin. Ranar 9 ga Yunin 1887 Horsley ya buɗe ƙashin bayan mutumin a daidai wurin, bai ga komai ba. Ya ƙara buɗewa sama da ƙasa, babu. Yana dab da rufewa sai mataimakinsa, Charles Ballance, ya matsa a ƙara hawa sama. Da aka ƙara, sai ga ƙarin ya bayyana. Aka cire shi, hafsan ya warke har ya koma tafiya da ƙafafunsa. Wannan ne karo na farko da aka yi nasarar cire ƙari daga kan laka, amma saura ƙiris a rufe mutumin da ciwonsa saboda kuskuren wuri na 'yan santimita.

A wannan shekara ya auri Eldred Bramwell, 'yar wani sanannen injiniya, suka haifi 'ya'ya uku, biyu maza ɗaya mace.

Daga cikin abubuwan da ya bar wa likitoci akwai wani haɗi da akasarinsa kakin zuma ne, wanda ake shafawa a bakin ƙashin da aka yanka domin tsayar da jini. Ya wallafa bayaninsa a 1892, kuma har yau ana amfani da irinsa a ɗakunan tiyata. A 1902 aka ba shi lambar girmamawa ta Sir. Matasan likitoci sun riƙa zuwa daga ƙasashe daban-daban su ga aikinsa. Cikinsu har da Harvey Cushing na Amurka, wanda ya zo a 1900, saurin hannun Horsley ya firgita shi, ya koma gida ya gina nasa salon na aiki a tsanake.

Na'urar da aka ƙera domin birai

Duk waɗannan nasarori a saman ƙwaƙwalwa aka same su, inda ido ke gani da zarar an ɗaga ƙashi. Can ciki kuwa labari ya sha bamban. Duk wanda ya ce zai kai ga tsakiyar ƙwaƙwalwa da wuƙa, sai ya ɓarnata abin da ke kan hanya.

Wannan matsala ta tare Horsley lokacin da ya koma nazarin ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wadda ke daidaita tafiya da tsayuwa. Yana so ya taɓa wasu ƙananan cibiyoyi da ke binne a cikinta ba tare da ya lalata na kewaye ba, domin ya san aikin kowacce. Abokin aikinsa Robert Henry Clarke, likita mai kaifin basira wajen lissafi da ƙere-ƙere, shi ya kawo mafita.

Dabarar Clarke mai sauƙin fahimta ce. Idan ana son a nuna wani ɗigo a cikin ɗaki, lamba uku sun wadatar: nisansa daga bangon gabas, nisansa daga bangon kudu, da tsayinsa daga ƙasa. Clarke ya ce a ɗauki kai kamar ɗaki. A kafa masa iyakoki da abubuwan da ba sa motsi, wato kafofin kunne biyu, da ƙasan kwarmin ido, da layin da ya raba kai gida biyu. Daga nan kowane ɗigo a cikin ƙwaƙwalwa zai sami lambobinsa uku.

Suka daskarar da kawunan birai, suka yayyanka su falle-falle da kauri iri ɗaya, suka auna komai, suka haɗa taswira. Wani maƙerin kayan kimiyya a Landan mai suna James Swift ya ƙera musu firam na ƙarfe a kan fam 300, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Ana ɗaure firam ɗin a kan dabba bayan an sa ta barci, a saita ma'aunai uku, a zura siririyar waya da aka lulluɓe da gilashi in ban da tsininta. Tsinin zai tsaya a daidai inda aka lissafa, sai a saki lantarki kaɗan domin a motsa wurin, ko da yawa domin a ƙone shi.

Sun fara bayyana dabarar a 1906, sannan suka wallafa cikakken bayani a mujallar Brain a 1908. A nan suka raɗa wa hanyar suna daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin tsara abu ta fuska uku. Daga wannan suna aka samo kalmar sitiriyotaktik da likitocin duniya ke kiran irin wannan tiyata da ita a yau.

Clarke ya hango cewa za a iya amfani da na'urar a kan mutane, a kai magani ko lantarki can cikin ƙwaƙwalwa ta ƙaramin rami. Horsley bai ba wannan tunani muhimmanci ba. A wurinsa na'urar kayan bincike ce, kuma hankalinsa ya riga ya fara komawa wasu fagagen. Zumuncin mutanen biyu ya yi sanyi. Wani ɗan Kanada da ya yi aiki da su, Aubrey Mussen, ya sa an ƙera irinta daidai kan mutum a 1918, amma bai sami likitan tiyatar da ya yarda ya gwada ta ba. Clarke ya rasu a 1926.

Akwai dalili na gaske da ya hana ta aiki a lokacin. Kawunan birai jinsi ɗaya kusan girmansu ɗaya ne, don haka taswira guda tana yi wa dukkansu. Kawunan mutane sun bambanta ƙwarai, kuma ƙari yana ture sassan ƙwaƙwalwa daga mazauninsu. Lissafi daga kunne da ido kaɗai zai iya kai allura wurin da ba a nufa ba. Na'urar tana buƙatar hoton cikin kan wanda za a yi wa aikin, shi kuwa babu shi tukuna.

Siyasa da rigingimu

Horsley mutum ne mai zafin muhawara, ba ya tauna magana, kuma bai iya lallashin wanda suka saɓa ba. Masu adawa da gwaji a kan dabbobi sun sa shi gaba shekara da shekaru, shi ma bai raga musu ba. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, kuma ya yaƙi dukkansu a bainar jama'a. A 1907 shi da likita Mary Sturge suka wallafa littafi a kan illar barasa ga jikin ɗan'adam.

Ya goyi bayan bai wa mata 'yancin zaɓe. Lokacin da gwamnati ta riƙa ɗura wa matan da ke yajin cin abinci a kurkuku abinci da ƙarfi ta bututu, yana cikin likitocin da suka binciki lamarin suka yi tir da shi a 1912. Ya goyi bayan dokar inshorar lafiya ta ma'aikata ta 1911 a lokacin da akasarin likitoci ke adawa da ita. Ya tsaya takarar majalisar dokoki a 1910 a jam'iyyar Liberal, ya faɗi. Waɗannan matsayi sun jawo masa baƙin jini a cikin abokan sana'arsa, har wasu suka daina tura masa marasa lafiya.

Mutuwa a bakin kogin Dijla

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Horsley yana da shekara 57, ya kuma nemi a tura shi fagen daga. A 1915 ya yi aiki a wani asibitin soja a Faransa, daga nan aka tura shi Masar, inda ake kawo sojojin da suka ji rauni a yaƙin Gallipoli. An ba shi muƙamin kanar.

A can ya sami labarin halin da sojojin Birtaniya da na Indiya ke ciki a ƙasar da yanzu ake kira Iraƙi, inda suke yaƙi da Daular Usmaniyya. Masu rauni na kwana da kwanaki a cikin jiragen ruwa babu kulawa, ruwan sha mai tsabta ya yi ƙaranci, kwalara da atini suna kisa. Ya nemi a kai shi can da kansa. Ya isa Basra a 1916, ya bi kogin Dijla yana duba asibitoci, yana rubuta wa hukumomi ƙorafi a kan ƙarancin ruwa da kayan aiki da abin hawa.

A tsakiyar watan Yuli, lokacin da zafin yankin ke kai maƙura, yana garin Amara yana zirga-zirgar duba marasa lafiya a ƙafa. Zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti, washegari 16 ga Yulin 1916 ya rasu sakamakon bugun zafin rana. Yana da shekara 59.

Yadda na'urar ta sami ido

Shekara biyu bayan rasuwarsa, Walter Dandy na Amurka ya gano cewa idan aka sa iska a cikin kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, siffarsu tana fitowa a hoton eksire. Ta haka aka sami alamomi a cikin ƙwaƙwalwar kanta.

A 1947, a Jami'ar Temple da ke Philadelphia, Ernest Spiegel da Henry Wycis suka haɗa wannan hoto da dabarar Horsley da Clarke, suka yi amfani da ita a kan mutum. Shekara 39 ke nan bayan maƙalar 1908. A 1949 Lars Leksell na Sweden ya ƙera nasa firam ɗin mai lanƙwasa kamar baka, wanda ke bai wa allura damar shiga ta kowace kusurwa ta kuma ƙare a ɗigo ɗaya. Har yanzu ana amfani da jikokin wannan firam.

Babban sauyi ya zo ranar 1 ga Oktoban 1971, lokacin da aka ɗauki hoton kan wata mata a asibitin Atkinson Morley da ke Landan da na'urar CT da injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera. A karon farko likita ya ga ciwon da kansa a cikin kan mai rai ba tare da an buɗe ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an samo hanyar mayar da kowane ɗigo a hoton CT zuwa lambobi uku na firam, sannan MRI ta biyo baya da hoto mafi fayyacewa.

A yau ana ɗaure firam a kan majinyaci da ƙusoshi huɗu bayan an yi masa allurar kashe zafi, a ɗauki hoto, kwamfuta ta fitar da lambobin tare da hanyar da ta kauce wa jijiyoyin jini da sassan magana da motsi. A wasu asibitocin an daina ɗaura firam, kyamarori ne ke bin motsin allurar suna nuna ta a kan hoton. Allurar mai kaurin kimanin milimita biyu ce, tana da 'yar taga a gefe da ke tsinko naman. A fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan aiki ana samun amsar abin da ke damun majinyaci. Babban haɗarinsa shi ne zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa, wanda kan faru ga kaɗan daga cikin waɗanda aka yi wa. Da yawa sukan koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu.

Amsar da ke fitowa daga ɗakin gwaji ita ke yanke abin da za a yi. Idan sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki ce da ake kira limfoma, magani ake bayarwa, ba a cika buƙatar babbar tiyata ba. Idan ƙullutun tarin fuka ne, magungunan tarin fuka ne za su narkar da shi. Idan mugunya ce, ana iya zuƙe ta da allurar a gano ƙwayar cutar. Idan ƙarin ƙwaƙwalwa ne, gwajin zai nuna irinsa da ƙarfinsa, a san ko gashi za a yi, ko magani, ko a haɗa.

Na'urar farko da James Swift ya ƙera tana ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan, kuma masu binciken ƙwaƙwalwar dabbobi har yanzu suna kiran ma'aunanta da sunan Horsley da Clarke. Shi kuwa Horsley an binne shi a maƙabartar sojoji ta Amara. A 1933 hukumar da ke kula da ita ta cire duwatsun da ke kan kaburburan saboda gishirin ƙasar yana cinye su, aka rubuta sunayen mamatan a jikin bango guda, nasa yana ciki.